Yadda Ake Mayar Da Malejin Mota Mai Allura Zuwa Na Lamba

Na daɗe ina aikin wayarin mota a wani gareji da ke Agege, kuma wannan aikin na yi shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba: a danfo, a Hiace, a tsohuwar Golf 2, har da tokumbo 'yan Amurka irin su Camry da Accord. Masu kawo min mota iri biyu ne. Akwai wanda allurar malejinsa ta kwanta a sifili tun tuni, ya gaji da sayen kebul. Akwai kuma wanda allurarsa lafiya lau, sai dai motar daga Amurka ta zo, manyan lambobin na mil ne, na kilomita kuma ƙanana kamar ƙwayar gero. Mutum yana kan 60 yana ganin lallaɓawa yake, alhali mil 60 ya haura kilomita 96. Tun da aka fara kafa kyamarorin kama masu gudu a wasu titunan Legas, irin waɗannan sun ƙaru a bakin garejinmu.

Kayan da za ka tanada

Na farko shi ne malejin lambar kansa, amma kada ka saya sai ka karanta mataki na 1 da na 2, domin iri uku ne: mai aiki da GPS, mai shiga soket ɗin OBD2, da mai karɓar sigina daga sensa. Ana samun su wajen masu kayan lantarkin mota a Ladipo da ke Mushin, da kuma kasuwar Alaba. Kafin ka biya, sa mai shago ya jona shi da batir a gabanka, ka ga duk ƙwayoyin lambar sun kama, ka kuma tabbatar yana sauyawa tsakanin kilomita da mil.

Sai mita ta awon wuta, wadda ba a wannan aikin sai da ita. Sukudireba mai baki da mai tauraro, sifana lamba 10, filaya, abin fere waya, ƙarfen dalma da dalmarsa, robar da ke tsukewa a kan waya idan ta ji zafi, baƙin tef, igiyoyin roba na ɗaure waya, waya kala uku kamar mita huɗu kowace, da gidan fis da fis mai amfiya 2 ko 3. Idan za ka shiga ƙarƙashin mota, sai jak da ƙafar tokare. In ba ka da ƙafar, nemi katako mai kauri, amma kada ka kwanta ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko da na minti ɗaya ne. Mai tsohuwar mota zai ƙara da sensa mai waya uku, ƙananan maganaɗisu masu ƙarfi, gam mai haɗi biyu, alli da tef ɗin awo. Wayar hannu mai manhajar auna gudu ta GPS ita ma kayan aiki ce, da ita za a yi saiti.

1. Gano daga ina motarka ke samun labarin gudu

Leƙa bayan maleji, ko ka duba jikin giyabos. Idan ka ga wani kebul mai kaurin yatsa ya taso ya shiga bayan agogon, motarka mai kebul ce. A cikinsa akwai siririn ƙarfe da ke juyawa, yana juya maganaɗisu a cikin agogo, shi kuma ya ja allura. Haka Peugeot 504 da 505 suke, haka Golf 2. Danfo, wato Volkswagen T3, ita tata daban ce: kebul ɗinta daga tayar gaba ta hagu yake tasowa, ta cikin murfin giris, don haka kada ka ɓata lokaci kana nemansa a giyabos.

Idan kuwa soket ka gani da wayoyi biyu ko uku a jikin giyabos, sensa ce. Aikinta kawai ta riƙa aika bugun wuta yayin da taya ke juyawa, bugun na ƙaruwa gudu na ƙaruwa. A motocin baya-bayan nan ma ba za ka samu sensar a giyabos ba, daga sensocin birkin ABS da ke ƙafafu ake ɗaukar gudun a raba wa sauran na'urori.

Daga nan ka duba ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, ko akwai soket mai rami 16. Shi ne OBD2. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da shi, 'yan Turai masu fetur kuma daga 2001.

2. Bincika dalilin mutuwar allurar

Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa, su yi asarar kuɗi. Wani Alhaji daga Mile 12 ya taɓa kawo min Accord da sabon malejin OBD2 a kwali, ya ce, "Malam, na jona shi ya kawo wuta, amma sifili yake nuna min kamar tsohon, jabu suka sayar min." Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da motar ta gaya mata ta faɗa." Sensar giyabos ce ta mutu. Ƙwaƙwalwar motar, wadda 'yan gareji ke ce wa birenbos, ita kanta ba ta san ana tafiya ba, to ina wanda ya zo tambayarta zai sani?

Gwajin sensa mai waya uku ba wuya. Tokare motar, ɗaga tayar gaba ɗaya idan mai jan gaba ce, sa giya a firi, murɗa makulli wuta ta kawo amma kada ka tada inji. Baƙin bakin mita a jikin ƙarfen mota, jan kuma ka riƙa taɓa wayoyin ta bayan soket. Ɗaya za ta ba ka wuta tsayayya, volt 12 ko 5. Ɗaya sifili. Ta ukun ita ce ta sigina: sa yaro ya juya tayar a hankali, za ka ga mita tana hawa tana sauka, sifili, wuta, sifili, wuta. In ta tsaya cak komai juyin, sensar ta tafi, ko haƙoran robar da ke juya ta sun cinye. Mai waya biyu kuwa da kanta take haifar da 'yar wuta, sai ka mai da mita ɓangaren AC, a juya tayar da ɗan sauri, ka ga lamba tana motsi.

Kada ka yi wannan gwajin da fitilar gwaji mai ƙwan filamen. Tana jan wutar da ta fi ƙarfin wayoyin birenbos.

3. Idan sauƙi kake nema

Mai OBD2 da sensa mai lafiya ya huta. Kashe mota, cusa na'urar a soket, bi da wayar ta gefen dashbod, tada inji, jira ta gama gaisawa da motar, zaɓi kilomita, shi ke nan. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: rami na 16 a soket ɗin kullum da wuta yake, ko an zare makulli. Na'ura mai kyau takan yi barci da kanta bayan an kashe inji, amma masu arha wasu ba sa yi. In za ka ajiye motar ka tafi gida Sallah, zare ta, kada ka dawo ka tarar da batir ya kwanta.

Mai GPS kuma bai damu da giyabos ko taya ba, wuta kawai yake so da sararin sama. Ga wanda ba ya son shiga ƙarƙashin mota shi ne mafita, kuma a buɗaɗɗen titi ya fi kowa gaskiya. Amma ka san halinsa. Da safe yakan ɗauki minti ɗaya ko fiye kafin ya kama tauraron ɗan'adam. A ƙarƙashin gadar Ojuelegba ko Obalende lambar na iya ɗaukewa ko ta daskare. Idan ka taka birki yakan ɗan makara kafin ya sauko. A gosulo kuma kana tsaye cak ya nuna maka 2 ko 3. Ni dai ba na sa wa motar haya irinsa in mai ita na son lissafin kilomitocin da direba ya ci, domin duk inda sigina ta yanke lissafin ya yi giɓi.

Sauran matakan na wanda ya zaɓi mai sensa ne, ko da yake mai GPS ma zai bi na 4 da na 7.

4. Jawo wuta

Kafin ka jona kowace waya, sai ka cire kan batir na nagetif. In rediyon motar mai neman lambar sirri ne, kamar na wasu Honda, tabbatar kana da lambar kafin ka cire.

Jan waya na malejin zai tafi layin da ke kawo wuta idan an murɗa makulli, ya ɗauke idan an kashe. Kafin ka cire batir ɗin ka nemo layin da mita a akwatin fis. Na rediyo ko na soket ɗin caji sun fi dacewa. Sa gidan fis ɗinka dab da inda ka ɗebo wutar, domin fis ɗin wayar yake karewa, in ya yi nisa duk tsawon da ke gabansa a tsirara yake. Baƙin waya kuma ka ɗaure shi a noti mai shiga ƙarfen jikin mota, bayan ka kankare fenti da tsatsa har ƙarfen ya yi fari. Motocin Legas tsatsa ta yi musu yawa, iskar teku da ruwan damina ba sa raga musu, kuma yawancin malejin da ake dawo min da su wai suna hauka, a wannan notin nake samun ciwon. Idan akwai waya ta huɗu ta rage haske, ta tafi layin ƙaramar fitila, don kada lambar ta riƙa kashe maka ido da dare.

Duk wayar da ka ga an naɗe da ruwan ɗorawa, ko soket ɗinta ruwan ɗorawa ne, ta jakar iska ce. Ko taɓa ta kada ka yi.

5. Ɗaukar sigina a motar da ke da sensa

Wayar da ka gano a mataki na 2 za ka bi. Ya fi kyau ka ɗebo ta a cikin mota, bayan agogo, inda ruwa da zafin inji ba sa kaiwa, amma sai ka mai da kan batir na ɗan lokaci ka sake gwajin juya taya a can, domin kalar waya takan canza a hanya. Fere rigarta kamar faɗin farce, naɗa sabuwar wayarka a kai, ɗiga dalma, rufe da tef sosai. Raɓawa ake yi, ba a yankewa.

Wannan darasin da tsada na saye shi. Ina yaron shago, aka kawo wata Camry mai giya otomatik, na ga tunda allurar za ta yi ritaya, me za a yi da tsohuwar waya? Na datse ta, na mai da ita kan sabon maleji. Lamba ta fito tas, na yi ta washe baki. Ba a yi awa ɗaya ba sai ga mai motar ya dawo daga wajen Iyana Ipaja, fitilar inji a kunne, giya tana fizga kamar akuyar da aka ɗaure. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya leƙa ƙarƙashin dashbod, ya ɗago ya dube ni ya ce, "Kai, wa ya gaya maka allura kaɗai ke cin abinci a wannan wayar?" A Toyota da yawa siginar sai ta shiga agogo tukuna, daga can ta wuce birenbos, shi kuma da ita yake sanin lokacin canza giya. Ranar sai bayan isha'i na bar gareji.

Saboda haka ma ba na goyon bayan a tumɓuke tsohon agogon gaba ɗaya. Malejin mai, na zafin inji, fitilar baƙin mai, duk a nan suke. A tsofaffin motoci kuma ƙwan fitilar caji ne ke ba alternato wutar farko da yake tashi da ita, in ka cire shi caji na iya tsayawa. Bar agogon a mazauninsa, da lissafin kilomitocinsa yadda yake, kada ranar sayar da motar a ce ka taɓa shi.

Idan motarka daga ABS take ɗaukar gudu, kada ka raɓa komai a wayoyin ƙafafun. Koma OBD2.

6. Motar kebul: a nan aikin yake

Hanya biyu ce. Mai tsabta ita ce ka samu sensar da ake ɗaurawa a bakin giyabos inda kebul ke shiga. Ka kwance kebul, ka ɗaura ta, ka jawo wayoyinta uku. Akwai ma mai baki biyu, wadda kebul ke komawa bayanta, allura da lamba su yi aiki tare. Matsalar zare ne da siffar bakin ƙarfen, kowane kamfani da nasa. Kwance kebul ɗinka ka tafi da shi Ladipo a hannu a gwada, kada ka dogara da kwatance. Ga 504 wannan hanyar ce, tunda furofelarta, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, a cikin bututu take a rufe.

In ba a samu mai shiga ba, ko haƙoran cikin giyabos sun cinye, sai maganaɗisu. Ana manna su a jikin abin da ke juyawa tare da taya, a kafa sensa kusa da su. A Hiace da Hilux, furofela, can kusa da giyabos inda ba ta lilo sosai. Guda biyu sun isa, ɗaya na kallon ɗaya don kada nauyi ya karkata. A danfo, shaf ɗin baya, a kan haɗin da ke manne da giyabos, guda huɗu da tazara daidai. Kada ka zaɓi ɓangaren da ke kusa da taya, domin yana hawa da sauka da ramukan titi, tazarar sensa ba za ta zauna ba. Kada kuma ka manna a faranti ko gangar birki. Irin waɗannan maganaɗisun zafi ya haura digiri 80 sukan fara rasa ƙarfi.

Kafin gam ya taɓa komai, jona sensar da wuta a kan benci, ka gifta maganaɗisu ta gabanta kana kallon mita. Yawancinsu fuska ɗaya kawai suke ji. Fuskar da ta amsa ka yi mata alama da fenti, ita za ta kalli waje. Na ga wanda ya manna huɗu, biyu a juye, ya kwana yana mamakin me ya sa gudunsa ya rabu biyu.

Wanke wurin da fetur, goge da takardar yashi, sa gam, ka bar shi ya bushe iya lokacin da aka rubuta a kwalinsa, ko da mai mota na tsaye a kanka yana duba agogo. Ƙafar da za ta riƙe sensa a yanko ta daga ƙarfe mai kauri, a ɗaure a notin giyabos, ba a jikin bodi ba, saboda inji da giyabos suna motsi a kan kujerunsu. Tazara tsakanin sensa da maganaɗisu kamar milimita 3. Juya tayar da hannu zagaye guda ka tabbatar babu inda suke gogar juna.

Wayar kuma ka bi da ita nesa da salansa, nesa da kwayil da wayoyin fulogi. Duk wani haɗi da ke ƙasan mota a yi masa dalma a rufe da robar zafi. Wanda ya taɓa ratsa ruwan Oshodi a watan Yuni ya san abin da tef kaɗai zai iya.

7. Kafa fuskar

Wurin da ido zai kai ba tare da ka sauke kai daga titi ba, kuma ba a kan murfin jakar iska ba. Gam mai fuska biyu ba ya jure ranar da ke dukan dashbod, sati kaɗan za ka tsince shi a ƙasan totur. Ƙaramin sukuru ya fi. Mai GPS a bar eriyarsa tana kallon sama ta gilashin gaba. Mai da kan batir, murɗa makulli, ka ga ya kawo, ka kashe ka ga ya ɗauke.

8. Saiti

Malejin bai san girman tayarka ba, bugu kawai yake ƙirgawa, sai ka gaya masa bugu nawa ne kilomita ɗaya. A motocin Japan da yawa kebul na juyawa sau 637 a kilomita, sensa kuma na ba da bugu 4 a kowane juyi, wato 2548. Fara da wannan idan Toyota ce ko 'yar'uwarta.

Mai maganaɗisu a shaf zai yi awo. Cika iskar taya daidai, ja layi da alli a taya da ƙasa, tura motar tayar ta zagaya sau 5, auna, raba biyar. Taya 195/65 R15 takan ba da kusan mita 1.99 a lissafi, a ƙasa kuma ta ɗan gaza saboda nauyin mota. Raba 1000 da wannan, ka samu zagaye kusan 502, sau maganaɗisu 4, bugu 2008. Mai furofela ya ninka da maganaɗisunsa 2 maimakon 4, ya sake ninkawa da adadin juyin da take yi a zagayen taya ɗaya, wanda yakan kai huɗu ko fiye.

Wannan duk kusantowa ce, titi ne zai yanke hukunci. Ranar Lahadi da sassafe nake fita, ta Berger zuwa doguwar gadar hanyar Ibadan, ko gadar Third Mainland mai kilomita 11.8, inda za a iya riƙe gudu ɗaya na ɗan lokaci. Mutum biyu ake yi: direba ya riƙe totur, na gefe ya riƙe waya yana karanta lambobin biyu. Kada a tsaya a kan gada don danna maɓalli, a sauka tukuna. Idan waya ta ce 60 maleji ya ce 66, lambar bugunka ta yi kaɗan. Ninka ta da 66 ka raba da 60: mai 2000 ya koma 2200. In ƙasa ya nuna, lissafin ɗaya ne, lambar ce za ta ragu. Sake gwadawa a 40 da 80. Wasu na'urorin suna da saitin kansu, ka danna, ka yi tafiyar da takardarsu ta ce, ka sake dannawa.

Kada ka yi saiti da tsohuwar allura. Da gangan kamfanoni ke sa ta ɗan zarce gaskiya, ƙa'idar Turai ma ta yarda ta wuce da kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, amma ba ta yarda ta gaza ba. In allura na kan 100 lamba na kan 94, babu abin da ya lalace. Ni nakan bar wa direbobin haya ƙarin kilomita 2 a sama, tunda iyakar bas a babban titin ekspires 90 ce, ta motar gida 100, cikin gari kuma 50. Duk ranar da ka canza girman taya, daga 195 zuwa 205 misali, sai an sake saitin, bambancin ya kai kashi 2 cikin ɗari.

9. In ya ƙi

Lamba na tsalle mota na tsaye, tana bin ƙarar inji: wayar sigina ta kusanci wayoyin fulogi, ko notin baƙin waya bai kama ba. Yana aiki a ƙaramin gudu ya ɗauke a babba: tazarar sensa ta yi yawa, ko ƙafarta na rawa. Gudu ya faɗi da kashi ɗaya cikin huɗu dare ɗaya: leƙa ƙasa, maganaɗisu ɗaya ya yi tafiyarsa. Tsohuwar allura ta mutu bayan ka raɓa waya: sabon malejin na danne siginar, ko ka zaɓi nau'in sensar da ba shi ba a cikin saiti; cire wayarka, in allurar ta farfaɗo ka nemo wata hanyar, OBD2 ko sensa ta daban. In kuma fis ke ƙonewa, kada ka ƙara masa girma, bi jan wayar da yatsa tun daga akwatin fis, musamman inda ta ratsa ramin ƙarfe, za ka samu inda rigarta ta yage.